Baba Abdulghani da Hoton da Ya Ƙi Sauya wa Suna

Shekara arba'in da ɗaya, in ka cire Juma'a da ranakun Idi, da wuya hantsi ya tarar da Baba Abdulghani Na'ibi a gida. Yana sallame Asuba sai ya biya wajen mai tanderu ya karɓo burodin tamis mai zafi da ɗan ful, wato dafaffen wake, ya miƙa wa iyalinsa, ya ci nasa a tsaye, ya kama hanyar unguwar Aziziyya. A can, a bayan wani tsohon gida na 'yan kasuwar Jidda, akwai ɗaki mai taga ɗaya tana kallon arewa. Nan ne warsha, wurin aikinsa. In ya buɗe ƙofa yakan ɗan tsaya ya shaƙi iskar ɗakin, ya ji ko mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauke, domin danshin tekun garin nan ba ya barin tsohon katako ya zauna lafiya. Sannan ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗaura farin zane a ƙirji, ya naɗa auduga a kan tsinke, ya sunkuya a kan hoton da ke gabansa.

Hotunan nan ba na kyamara ba ne. Zane ne na hannu a kan allunan katako, waɗanda aka yi a ƙasar Italiya shekara ɗari biyar zuwa ɗari shida da suka wuce, a zamanin da Turawa ke kira na Farfaɗowa. Yawancinsu hotunan waliyyan Kiristoci ne da aka zana don a ajiye a majami'u da ɗakunan ibada. Tsufa da hayaƙin kyandir sun baƙanta su, wasu sun tsage, wasu fentin yana ɓarewa. Aikin Baba shi ne ya cire dattin, ya manne abin da ke shirin faɗuwa. Yakan yi wuni guda a kan wurin da bai fi tafin hannun jariri ba. Wani dattin ma miyau ne maganinsa, shi ya sa in azumi ya kama yakan yi dariya ya ce kayan aiki sun yi ƙaranci.

A watan Sha'aban da ya wuce ya ajiye aikin. Ba a yi taro ba, ba a buga a jarida ba. Ni Sadiyya, malamar koyar da zane a wata makarantar 'yan mata, wadda gidanmu ya kasance jingine da nasa a unguwar Karantina tun ina rarrafe, na ga bai kamata abin ya wuce shiru ba.

A Karantina aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Na'ibi, ya taso daga ƙasar Katagum da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga kafin ya tsallako teku, ya sauke farali, ya zauna yana dako a tashar jirgin ruwa. Abdulghani aikin kafinta ya koya. Yana da shekara ashirin da shida aka kira shi wannan gida don ya yi akwatunan da za a adana wasu hotuna da maigidan ya sayo daga Turai. A nan ya tarar da wani tsohon Bature ɗan Italiya da aka ɗauko don ya kula da su. Baturen ya ga yadda saurayin ke ɗaga allo, tafi biyu a ƙasa, yana riƙe numfashi, sai ya roƙi maigidan a bar masa shi.

Baba ya sha ba ni labarin darasinsa na farko. Akwai hoton wata mace tana riƙe da ɗan faranti, a kansa wasu ƙwallaye biyu da datti ya rufe. Baturen ya tambaye shi da gurɓataccen Larabcinsa mene ne a farantin.

"Na ce masa inabi ne," in ji Baba. "Sai ya karɓe audugar daga hannuna. Ya ce idanu ne. Ya ce sunanta Lusiya, kuma duk inda aka zana ta da idanu a faranti ake gane ta. Ya ce da na goge su a matsayin inabi, da na mayar da ita matar da ba wanda ya sani. Wata uku bai ƙara barina na taɓa fenti ba. Ya ce sai na san waye a gabana tukuna."

Haka ya zauna ya koyi karatun da ba a makaranta ake yin sa ba. Mutanen wancan zamanin yawancinsu ba sa karanta rubutu, don haka masu zane ke ba kowane waliyyi abin riƙewa da za a gane shi da shi. Tsoho mai makullai, Bitrus ke nan. Mai takobi da littafi, Bulus. Ganyen dabino a hannu yana nufin an kashe mai shi saboda addininsa. Farin fure mai dogon kara yana nufin tsarki. Zoben ruwan zinare a bayan kai yana nufin su a wurinsu waliyyi ne. Baturen ya yi shekara tara ya koma ƙasarsu, ya bar wa Abdulghani ɗakin da abin da ke ciki.

A unguwa ba a bar shi ya huta ba. Ina yarinya na sha jin ana kiransa mai wanke gumaka. Akwai wanda ya daina amsa gayyatar buɗa-baki a gidansa. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya je ya zauna gaban wani malami da ya yarda da shi, ya faɗa masa komai, ya dawo da iyakar da ya shata wa kansa: ba zai taɓa ƙirƙirar fuska ba, ba zai zana ido ko baki da hannunsa ba. Abin da ya tarar zai tsare, abin da ya ɓace ya ɓace. Ni ba fatawa na zo bayarwa ba, kuma na san har yau akwai masu ganin da ya nemi wata sana'ar. Abin da na shaida kawai shi ne bai taɓa tsallake wannan iyakar ba, kuma ban taɓa ganin kiran salla ya same shi ya ce bari in ƙarasa nan wurin ba.

Ni kaina ya taɓa fitar da ni kunya. An ba wa ɗalibaina izinin zuwa ganin hotunan, aka ce in rubuta ɗan bayani a ƙarƙashin kowanne. Na zo da takarduna ina ji da digirina. A ƙarƙashin hoton wani tsoho da zaki kwance a gefensa na rubuta Markus, don na karanta cewa zaki alamarsa ce. Baba ya sa tabarau, ya karanta, ya jira har sai da sauran malamai suka fita.

"'Yata, zo ki duba zakin nan. Yana da fukafukai?"

"Ba shi da su, Baba."

"To na Markus da fukafukai ake zana shi. Dubi jar hular can da aka rataye a reshe. Dubi dutsen da ke hannun tsohon, da shi yake dukan ƙirjinsa don tuba. Wannan Jerom ne. Yalla, maza gyara kafin yaran su iso, ba wanda ya gani."

Ba wanda ya gani kuwa, sai yau da na faɗa da bakina.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi wannan nauyi. Shekarar da aka fara rusau a kudancin Jidda, ita ce shekarar da tsohon maigidan ya rasu. Shi ne kafilin Baba, wato wanda takardar zamansa a ƙasar ke hannunsa. Ga wanda bai san zaman nan ba: Baba a Jidda aka yanke masa cibiya, bai taɓa taka Najeriya ba, amma da iƙama, wato takardar izinin zama, yake zaune, ana sabunta ta lokaci zuwa lokaci, kuma sai kafili ya yarda. Da maigidan ya rasu, kafalar ta koma hannun ɗansa Hamad, wanda bai damu da hotunan ba, so yake ya rabu da su.

A cikin kayan akwai wani allo da ba a taɓa gyarawa ba. Mace ce a tsaye, rabin fuskarta danshi ya cinye, ƙasan hoton kuma wani ya taɓa lafta masa fenti mai duhu tun da daɗewa. Wani dillali da Hamad ya kawo ya duba, ya ce ai wannan in aka cika fuskar, aka mayar da mayafin shuɗi, aka ɗora farin fure a inda ya yi duhun, za ta tafi a matsayin hoton Nana Maryamu, kuma masu saye sun fi rububin irin wannan.

Ranar ina warsha, na je mayar da wani littafi da na ara. Hamad ya shigo ya faɗi abin da yake so. Baba ya jawo fitila kusa da ƙasan allon, inda ya kwana biyu yana cire tsohon fentin da 'yar aska irin ta likitoci.

"Duba nan, ya Hamad. Me ka gani?"

"Wani guntun katako ne mai lanƙwasa."

"Kamar ƙafar amalanke ko? Ga haƙoran ƙarfe a jikinsa, ga inda ya karye. Mace ɗaya ake zanawa da wannan. Katarina ce ta Iskandariyya. A labarinsu an so a azabtar da ita a kan wannan abin, sai ya tarwatse. In na ci gaba, na tabbata zan tarar da ganyen dabino a hannunta na dama."

"Ya ammi," in ji Hamad, wato baffa da Larabci, "ni ba tarihi na tambaye ka ba. Rufe shi za ka yi."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Ba zan yi ba. Wanda ya zana ta ya mutu, ba ya nan balle ya kare aikinsa. Wanda zai saya kuma zai yarda da abin da idonsa ya gani. In na rufe, na cuci na kabari, na cuci mai rai. Ga shi kuma Nana Maryamu kake so in ƙaga wa fuska da hannuna. Mahaifinka shekara talatin da takwas bai taɓa nema na da irin wannan ba."

Idon Hamad ya yi ja. Ya ce mahaifinsa ya tafi, yanzu shi ne a wurin. Ya ce iƙamar Baba saura wata ɗaya ta ƙare, ya je ya yi tunani. Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ban ce uffan ba, kuma wannan shirun yana damuna har gobe. Baba ya lulluɓe allon da farin ƙyalle, ya jera kayan aikinsa kowanne a gurbinsa, ya ɗora makullin ɗakin a kan tebur.

A cikin makon ne aka zo layinmu a Karantina aka fesa jan rubutu a bango: izala, wato a rushe. Wanda ya ga kwanakin nan ya san abin da nake faɗa. Motocin ɗaukar kaya sun cika lungu, mata na tsaye da tukwane a hannu, mutum bai san inda maƙwabcinsa na shekara hamsin ya nufa ba. Neman gidan haya kuma sai da takarda mai rai. Mu'az, ɗan Baba, shi ne ya samo musu ɗaki biyu a unguwar Mahjar da nasa sunan. Baba ya koma can, ba aiki, iƙama ta ƙare, a ƙasar da bai san wata ba. Ko masallaci in zai je sai ya leƙa titi tukuna. Dangi suka yi ta zuwa. Wani ya ce masa, "Haba Malam, don hoton waɗanda ba addininku ɗaya ba za ka sa a kai ka inda ba ka san kowa ba? Ka shafa fentin nan mana, halas, magana ta ƙare." Inna Fatsuma, matarsa, tana zaune a kan kwalin da ba a kwance ba, ita ta ba da amsa, tana kiransa Abu Mu'az, wato baban Mu'az.

"Ku ƙyale Abu Mu'az. Tun da na aure shi ban taɓa cin abin da ya samo da ƙarya ba. Yanzu da haƙorana suka zube ba zan fara ba. In Katagum ɗin ce, mu tafi, ai mutane ne a can."

Mako bakwai aka yi a haka. Ni kuwa na kasa sukuni, daga ƙarshe na nemi lambar Dalal, yayar Hamad, wadda ke zaune a Riyad, na gaya mata abin da na gani da idona. Ta ce ba ta san komai ba. Kwana uku bayan nan, da la'asar, sai ga ta a Mahjar, ta hau bene hawa uku da ƙafarta. Ta zauna a ƙasa a gaban Baba. Ta tuna masa yadda tana ƙarama yake ɗaga ta ya nuna mata wani ɗan tsuntsu mai jan kai a hannun jariri a cikin hoto. Ta ce ita ma tana da gado a cikin abin da ke warsha, kuma ta zaɓi wannan allon a cikin kasonta. Ta mayar da kafalarsa hannunta, ta miƙa masa makullin.

Wata goma sha ɗaya ya yi a kan hoton. Ganyen dabinon ya fito a hannun dama, inda ya ce. Kambin sarauta ya fito a kai, ga littafi a ɗaya hannun. Rabin fuskar da ya ɓace kuwa bai ƙaga shi ba. Ya cike gurbin da siraran layuka masu launin da bai fita daban ba, yadda daga nesa ido zai huta, in ka matso kuma ka san nan ba hannun mai zanen asali ba ne.

Ranar da aka kai hoton falon gidan, akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin da ke kula da mahaifiyar su Dalal. Shekararta goma sha huɗu a Jidda. Ta turo tsohuwar a keke, ta ɗaga kai, sai ta tsaya cak. Ta ambaci sunan Katarina tun kafin kowa ya faɗa mata. Ta ce a garinsu ita ake yi wa biki duk shekara, kuma rabonta da bikin tun mahaifiyarta na da rai. Ta tambayi wanda ya gyara. Aka nuna mata dattijo mai farin gemu da carbi a hannu. Sai hawaye suka zubo mata. Baba ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan sunkuyar da kai. Hamad yana wurin. Bai ce a yafe masa da baki ba, amma da za a watse ya zo ya sumbaci kan Baba a gaban kowa. Baba ya ce, "Halas, ya wuce, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka."

Kai ne wannan, Baba Abdulghani. Ɗan dako jikan manoma, mai hannun auduga. Kai ne ka san waliyyan wasu mutane ɗaya bayan ɗaya, ba ka taɓa rusuna wa ko ɗaya ba, ba ka kuma taɓa wulaƙanta ko ɗaya ba. An ba ka amanar abin da ba naka ba, na mutanen da ba za su taɓa sanin sunanka ba, ka riƙe ta a lokacin da gidanka ke zama ƙasa, takardarka kuma ta mutu. Mu da muka tashi a gabanka mun ji wa'azin gaskiya a wurare da yawa. A wurinka muka ga abin da take ci wa mutum, muka kuma ga ka biya ba ka yi ƙorafi ba.

Ajiye aikin ma shi ya yanke wa kansa. Wata safiya yana cire datti a gefen rigar wani waliyyi, hannunsa ya ɗan yi rawa, askar ta kusa taɓa inda bai nufa ba. Bai yi ɓarna ba, amma ya ajiye ta. Ya kira Dalal ya ce ta nemi wani, shi ya kai iyakarsa. Ta roƙe shi ya ƙara ko shekara ɗaya. Ya ce hoton ya yi shekara ɗari biyar yana jiran mai hannu tsayayye, ba zai zama shi ne zai ji masa rauni don kawai yana jin nauyin zaman gida ba.

Na gode, Baba, da kaina da kuma a madadin ɗaliban da suka zauna a gabanka suna tambayar abin da ka amsa sau ɗari ba ka gaji ba. Na gode wa Inna Fatsuma, wadda ta tsaya a lokacin da ni na kasa buɗe baki. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa ƙarshe ya fi farko kyau.

Ku kuma 'yan'uwana, na Jidda da na gida, kowa da abin da aka damƙa masa: mai ɗinki da yadin wani, direba da ran wani, malami da ɗan wani. Ranar da za a ce ka ɗan rufe nan, ba wanda zai sani, tana zuwa wa kowa. Ina fata in ta zo mana za mu tuna akwai wanda aka faɗa wa haka a garin nan ya ce a'a. Abu ɗaya kuma ke damuna: a cikin 'ya'yanmu har yau ba wanda ya zauna ya karɓi wannan ilimin daga gare shi, ga shi hannun ya tsaya amma kan yana nan garau. Yana Mahjar, hawa na uku, ƙofarsa a buɗe take bayan la'asar, shayi kuma ba ya yankewa. Na san halinmu, ranar da aka ce babu shi za mu cika layin nan da motoci, kowa na faɗin alherinsa. Ku zo yanzu ku faɗa masa, yana ji.